Tambaya da Amsa: Shafin da Manhaja ta Nuna Mini Bai Dace da Littafin Malamina Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe a sashen nazarin addinai na wata jami'a, ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. Kundin da nake rubutawa a kan yadda ake koyar da tauhidi a makarantun zaure na Zango ne. Kusan duk littattafan da na dogara da su a Maktaba Shamila, manhajar da ta tara littattafan addini na Larabci, na karanta su, a kwamfutata, domin ba ni da halin sayen su. Da na kai wa malamin da ke duba aikina babi na biyu, sai ya ɗauko Ihya'u na Imam Gazali daga kantarsa, ya buɗe juzu'i da shafin da na ambata, bai tarar da maganar a wurin ba. Ya gwada Tafsirin Ɗabari, nan ma haka. Ya maido mini da babin, ya ce in sake hashiyoyina, wato bayanan ƙasan shafi da ke nuna inda na ɗauko magana, gaba ɗaya, in ba haka ba masu jarrabawa za su ɗauka ƙirƙira na yi. Wallahi Malam ban ƙirƙiri komai ba, abin da manhajar ta nuna mini shi na kwafa. Shin lambobin shafin da ke cikin waɗannan manhajoji ba na gaskiya ba ne? Yaya zan yi, ga lokacin miƙa kundi ya ƙarato?

Ɗalibi daga Aboabo, Kumasi

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, ka kwantar da hankalinka, domin akwai yiwuwar kai da malaminka duk kuna da gaskiya. Lambar shafi kayan maɗaba'a ce. Marubucin littafi bai san da ita ba, mai buga littafin ne ya sa ta, kuma duk maɗaba'ar da ta sake jera haruffan littafin da girman rubutu daban, ko ta ƙara masa hashiya da gabatarwa, to, ta sauya wurin da kowace magana za ta faɗa. Imam Gazali ya rasu a shekarar 505 bayan Hijira, ƙarnoni kafin a fara buga littattafan Larabci da inji. Ihya'un da aka fi sani a Shamila bugun Darul Ma'arifa ne na Bairut, mai juzu'i 4, alhali bugun Darul Minhaj na Jidda, wanda ya fito a 2011, juzu'i 10 ne. Idan naka na farko ne, na malaminka kuma na biyu, ko da ka kwafi lambar daidai ba tare da kuskuren harafi ɗaya ba, ba zai taɓa samun maganar a inda ka ce ba, matuƙar ba ka faɗa masa bugun da ka yi aiki da shi ba. Ina kyautata zaton a nan matsalarka ta fara: ka rubuta juzu'i da shafi, ka bar sunan maɗaba'a da shekara.

Sai dai akwai wata matsala ta biyu da ta fi wannan nauyi, kuma ita ce nake so ka duba tun daren yau. Littattafan da ke cikin Shamila ba iri ɗaya ba ne ta fuskar shafi. Manhajar ta fara fitowa a 2005, kuma mutane da yawa ne suka shigar da littattafanta a lokuta daban-daban, wasu da kulawa mai yawa, wasu da gaggawa. Kowane littafi yana da kati a farkonsa, wanda ake kira biɗaƙatul kitab, inda ake rubuta sunan marubuci da mai tahƙiƙi, wato wanda ya tantance nassin kafin a buga, da maɗaba'a da shekara da yawan juzu'i. A ƙarshen katin za ka ga ɗaya daga cikin jimloli biyu. Ta farko tana cewa tarƙimul kitabi muwafiƙun lil maɗbu'i, wato lambobin shafin sun dace da na littafin da aka buga. Ta biyu tana cewa alkitabu muraƙƙamun aliyyan gairu muwafiƙin lil maɗbu'i, wato kwamfuta ce ta yanka rubutun gunduwa-gunduwa ta ba kowace gunduwa lamba, kuma babu wani littafi na takarda a duniya da shafinsa ya dace da wannan lambar. Akwai ma wasu da asalinsu darussa ne na baki da aka naɗa a kaset sannan aka rubuta su, inda katin ke bayyana cewa lambar juzu'i ita ce lambar darasi. Ɗalibin da ya rubuta juzu'i na 7 shafi na 12 daga irin wannan, alhali littafin bai taɓa shiga maɗaba'a ba, ya aika mai karatunsa neman abin da babu.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka buɗe katin kowane littafi da ka ambata a kundinka, ka raba su kashi biyu a takarda. Wannan ba zai ci maka fiye da yini guda ba.

Batun Ɗabari kuwa yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe ba tare da sun sani ba. Shaihu Mahmud Muhammad Shakir ya yi tahƙiƙin wannan tafsiri tare da ɗan'uwansa Ahmad Shakir, Darul Ma'arif ta Alƙahira ta buga shi a juzu'i 16, amma aikin ya tsaya a aya ta 27 ta Suratu Ibrahim. Bugun da Dakta Abdullahi at-Turki ya jagoranta, wanda Daru Hajar ta fitar a 2001, shi ya kammala tafsirin duka, a juzu'i 26 har da fihirisa. Idan ka kawo maganar Ɗabari a kan wata aya ta Suratul Kahfi ka ce daga tahƙiƙin Shakir ka ɗauko, mai jarrabawar da ya san littattafai zai ajiye biro ya dube ka, domin Shakir bai kai nan ba. Ka lura kuma cewa tafsiri yana da adireshin da ya fi shafi tabbas, wato sura da aya. Wanda ka ce masa Ɗabari ya faɗi kaza a tafsirin aya ta 11 ta Suratush Shura zai sami wurin a kowane bugu, a Kumasi yake ko a Kano ko a Alƙahira.

Wannan hanya ita ce ta malamanmu na zaure, waɗanda kake rubuta kundinka a kansu, kuma zai yi kyau ka koye ta daga wurinsu. Na taso ina ganin Risala ta Ibn Abi Zaid a wurin kakana, rubutun hannu, waraƙa-waraƙa ba a ɗinke ba, a cikin gafakar fata da ta yi baƙi saboda yawan taɓawa. Babu lamba ko ɗaya a jikinta. A ƙasan bayan kowace waraƙa, can gefen hagu, marubucin ya rubuta kalmar farko ta waraƙar da ke biye, domin idan iska ta watsa su ko yaro ya hargitsa su a iya maido da kowace wurinta. Idan aka tambayi tsohon wata mas'ala ta aƙida, cewa yake yi tana cikin babin abin da harsuna ke furtawa zukata kuma ke ƙudurcewa, wato babin farko na Risala, sai ya karanto jimlar da ka, almajiri ya je ya same ta. Ishararsa tana aiki a kan kowace Risala, ta hannu ko ta maɗaba'a. Har yau masu bincike a kan rubuce-rubucen hannu da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara tun farkon shekarun 1960, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi wanda ya rasu a 1934, da lambar rubutun da lambar waraƙa suke ambato, su bayyana ko gabanta ne ko bayanta.

To, Ihya'u ma yana da irin wannan gini na cikin gida. Gazali ya kasa shi rubu'i huɗu, ibadat da adat da muhlikat da munjiyat, kowane rubu'i da kitabi goma, jimla 40. Abin da ya shafi aikinka yana cikin kitabi na biyu na rubu'in farko, wato Ƙawa'idul Aƙa'id, mai fasali huɗu. Idan ka rubuta sunan kitabin da fasalin, sannan ka ƙara da bugun Darul Ma'arifa, Bairut, juzu'i na 1, shafi kaza, ka ba mai karatu maɓalli biyu. Mai irin bugunka zai bi shafi, malaminka mai bugun Jidda kuma zai bi kitabi da fasali ya isa wurin cikin minti biyu.

Hadisi kuma da lamba ake ambatonsa, amma lambar ma tana da mai ita. Ƙidayar da ta fi yaɗuwa ta Sahihul Bukhari ita ce ta Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi, wadda ta kai 7563, kuma ita ce ke cikin Fathul Bari, sharhin Bukhari, bugun Salafiyya mai juzu'i 13. Bugun Dakta Mustafa al-Buga yana da tasa ƙidayar, fassarar Turanci da ake yawan gani a intanet ita ma tana da nata tsarin na juzu'i da kitabi da lamba. A Sahihu Muslim, ƙidayar Abdul Baƙi ta tsaya a 3033, domin bai ƙirga maimaici ba, wasu bugun kuwa sun ƙirga kowace ruwaya, lambobinsu suka ninka haka. Ka kuma tuna cewa Bukhari yakan maimaita hadisi: hadisin niyya ya zo a wuri bakwai, na farko a lamba 1, na biyu a lamba 54 cikin Kitabul Iman, kuma lafazin yana ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri. Don haka ka rubuta kitabi da babi da lamba, ka faɗi a gabatarwar kundinka sau ɗaya cewa ƙidayar wane kake bi.

Ga littattafan da katinsu ya ce sun dace da bugu, ina ba ka shawara kada ka tsaya a kan shaidar katin kaɗai a wuraren da hujjarka ta rataya a kansu. Ka nemi hoton littafin na PDF, wanda galibi ana samunsa kyauta a Maktaba Waƙfiyya ko a archive.org, ka tabbatar bugu ɗaya ne da na katin, ka buɗe shafin ka gani da idonka. Dalilina biyu ne. Rubutun da ke cikin manhaja mutum ne ya buga shi da yatsunsa ko kwamfuta ta karanto shi daga hoto, kuma ɗigo guda da ya faɗi ko kalmar la da aka tsallake na iya juya hukunci gaba ɗaya, musamman a littafin aƙida inda ake maganar abin da ya wajaba ga Allah da abin da ya koru a gare shi. Na biyu, hashiyoyin mai tahƙiƙi wani lokaci ba a shigar da su ba, alhali a nan ne yake faɗin cewa wata jimla babu ita a wasu rubuce-rubucen hannu. Idan ka buɗe PDF ɗin, ka kiyayi lambar da manhajar karatu ke nunawa a saman allo, domin ita tana ƙirga bango da shafin take da gabatarwar da aka yi wa lamba da haruffan abjadi. Lambar da aka buga a jikin takardar ita ce abin rubutawa.

Akwai kuma abin da zai sauƙaƙa maka. Wasu bugun hoton wani tsohon bugu ne kawai, ba a sake jera haruffansu ba, saboda haka shafinsu ɗaya ko da sunan maɗaba'a ya bambanta. Misali shi ne Bukharin da aka buga a Bulaƙ ta Masar a 1311 bayan Hijira da umarnin Sarkin Musulmi na Turkiyya Abdul Hamid na Biyu, wanda ake kira Sulɗaniyya, mai juzu'i 9. Daru Ɗauƙin Najat ta sake fitar da hotonsa a 1422 bayan Hijira, ta ƙara masa ƙidayar Abdul Baƙi, shafukan kuwa suna nan yadda suke.

Ragowar su ne littattafan da kwamfuta ta yi wa lamba. Idan ka sami bugun takarda ko hotonsa, ka koma kansa ka sake hashiyar. Malaman Zango da yawa suna da littattafan da babu su a ɗakin karatun jami'a, kuma ban taɓa ganin wanda ya hana ɗalibi mai ladabi zama a zaurensa ya duba shafi ba, tunda dama kana zuwa wurinsu don bincikenka. Idan ba ka samu ba, ka faɗi gaskiyar abin da ka gani: sunan littafi, babi ko fasali, sannan ka rubuta cewa daga Maktaba Shamila ne, da lambar da manhajar ta sa da kanta. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ƙa'idojin rubutun jami'a na yanzu sun yarda a ambaci babi ko sashe idan littafin lantarki ba shi da tsayayyen shafi. Abin da nake roƙonka ka guje masa shi ne ɗauko lambar shafi daga hashiyar wani marubuci ka manna a taka kamar kai ka buɗe littafin. Na taɓa bin wata magana da aka jingina wa wani babban malamin tauhidi, na same ta a kundi uku da lambar shafi iri ɗaya, da na buɗe littafin sai na tarar shafin yana magana a kan wani abu dabam, kuma ukun duk daga mutum ɗaya suka kwafa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin magana ce da ake kafa hujja da ita a kan imanin mutane. Idan dole ne ka kawo abin da ba ka gani da kanka ba, ka ce wane ne ya naƙalto shi a littafinsa kaza.

Ka koma wurin malaminka da jerin bugun da ka yi amfani da su, ka tambaye shi wanne yake da shi. Tsananin da ya yi maka gata ne, domin gara ka ji wannan a ofishinsa da ka ji shi ranar kare kundi.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni Kirista ne, a Asawase na girma, yanzu ina karatun tauhidin Kirista a wata makarantar horar da fastoci. Muna amfani da manhajar Logos ta nazarin Littafi Mai Tsarki, wasu littattafan kuma a Kindle, na'urar karanta littattafan lantarki, nake saye. Wasu suna nuna shafi, wasu ba sa nunawa. Me zan rubuta a hashiya?

Mai karatu daga Asawase

AMSA

Barka kadai, ɗan'uwa. Logos, wadda wani kamfanin Amurka ya fara fitarwa a 1992, tana ɗauke da lambobin shafin bugun takarda a littattafai da yawa, kana iya kunna su su bayyana a cikin rubutun, kuma idan ka kwafi jimla tana haɗa maka hashiya da kanta. Ka karanta hashiyar nan kafin ka amince da ita, ka tabbatar shekarar da ta rubuta ta bugun da aka ɗauko shafin ce, domin littafi ɗaya na iya samun bugu na biyu da na uku da aka yi wa gyara. Lambar wuri da Kindle ke nunawa kuwa ma'aunin na'urar ce, ba ta da amfani ga wanda ke riƙe da takarda, saboda haka idan littafin bai zo da shafin bugu ba, ka ambaci babi da kan sashe, ka faɗi cewa bugun Kindle ne.

Tsofaffin littattafanku sun riga sun huta da wannan matsala. Littafi Mai Tsarki da sura da aya ake ambatonsa, surorin ana danganta rabonsu ga Stephen Langton wanda ya rasu a 1228, ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ne ya sa musu lamba a bugunsa na 1551. Littafin ikirarin Agustin mai kashi 13, da babban littafin Kalbin na koyarwar addinin Kirista mai kashi 4 a bugun 1559, duk da lambar kashi da babi da sashe ake ambatonsu. Sai dai ka ƙara sunan mai fassara, domin kalmomin da kake kawowa nasa ne.

TAMBAYA

Allah ya gafarta Malam, ina koyarwa a wata islamiyya ta mata a Sabon Zango. Ɗalibaina suna duba Alƙur'ani a waya, ni kuma da mus'hafin Warshu na saba. Sau da yawa idan na ba su lambar aya sai su ce ba ita suka gani ba.

Malama daga Sabon Zango

AMSA

Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan hidima. Nassin bai ƙaru ba bai ragu ba, wurin tsayawar ayoyi ne aka ƙirga daban. Mus'hafin Hafsu yana bin ƙidayar mutanen Kufa, aya 6236, na Warshu kuma yana bin ta mutanen Madina, aya 6214. Mutanen Kufa suna ƙirga Alif Lam Mim aya guda a farkon Baƙara, mutanen Madina ba sa ƙirgawa, don haka tun daga layin farko lambobin suke rabuwa, surar ta ƙare a 286 a wancan, a 285 a wannan. Yawancin manhajojin waya Hafsu suke buɗewa da shi, bisa tsarin mus'hafin Madina mai shafi 604 da layi 15 a kowane shafi. Wasu daga cikinsu suna da wurin zaɓar ruwaya, sai ki sa ɗaya daga cikin ɗaliban ta duba ta mayar da wayoyin ajin kan Warshu. Inda hakan bai yiwu ba, ki ba su sunan sura da kalmomi uku na farkon ayar, ko ki faɗi izu da sumuni kamar yadda aka koya mana a makarantar allo, su rubuta kalmomin a wurin bincike na manhajar.